Na yi wa Malam tambaya a majalisi, yanzu an daina amsa min sallama

Abu Safwan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya kwana biyar yana cina, na ce bari in kawo shi nan ko zan sami mai fahimtar da ni. Ba zan kama suna ba, ba kuma zan faɗi unguwa ba.

Shekarata shida ina zama majalisin wani malami tsakanin magariba da isha'i. A gabansa na sauke Iziyya, yanzu muna cikin Risala, babin azumi. Ranar Asabar yana bayanin saɓanin malamai kan ganin wata, sai ya ce Annabi (SAW) ya ce "saɓanin al'ummata rahama ne", ya ƙara da cewa hadisi ne ingantacce. Da aka ba da damar tambaya na ce: Allah gafarta Malam, na taɓa karanta cewa malaman hadisi ba su sami isnadin wannan magana ba, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, ko akwai inda Malam ya gan ta in je in duba? Wallahi iyakar abin da na ce ke nan. Malam ya ɗan yi shiru, ya ce "to, mun ji", aka shafa aka tashi.

Ban kai ga takalmina ba mutum uku suka tare ni. Ɗaya ya ce wa ya aiko ni. Ɗaya ya ce naman malamai guba ne, in saurari abin da zai same ni. Washegari aka cire ni daga rukunin WhatsApp na ɗalibai. Wanda muke cin tuwo kwano ɗaya da shi, yanzu in na yi masa sallama sai ya kau da kai. Don Allah ku gaya min gaskiya, laifi na yi?

Ɗan Zaure:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayarka ba laifi ba ce, wurin da ka yi ta ne laifi. Mu da muka yi karatun zaure, in malam ya yi tuntuɓen harshe ba a gaban jama'a ake tuna masa ba. Sai ka jira kowa ya watse, ka bi shi soro, ka tsuguna, ka ce "Allah gafarta Malam akwai wurin da ya shige min duhu". Ko ka san amsar, ka mai da kanka wanda bai sani ba. Ka duba Ta'alimul Muta'allim ka ga irin ladabin da ake nema. An ruwaito Imamu Shafi'i yana cewa a gaban Imamu Malik a hankali yake buɗe takarda don kada malam ya ji ƙararta. Kai kuma ka miƙe a gaban mutum ɗari ka ce hadisin ba shi da isnadi. Me ka bar wa malam ya faɗa?

Abu Safwan:
Baba, ban miƙe ba, a zaune nake. Kuma ba mu kai ɗari ba.

Na Kwari:
Ni abin da ya ba ni dariya, hadisin cewa yake saɓani rahama ne, kai kuma ɗan saɓanin da ka yi ya zame maka azaba. Ashe rahamar ba ta sauka kan almajiri.

Ummu Hanifa:
Malam Ɗan Zaure, da girmamawa, ina da ja. Shafi'in da ka ambata, ai shi ne daga baya ya saɓa wa Malik a mas'aloli masu yawa, har akwai babi guda a cikin Al-Umm kan saɓaninsu. Ladabin buɗe takarda bai hana shi ba.

Sannan kuskuren da aka yi a gaban jama'a, jama'ar sun tafi da shi gida. In an gyara a soro, wa zai bi su ya gaya musu? Dukanmu mun san ba'adi, sujadar mantuwa ta bayan sallama, amma mun manta inda ya samo asali. Annabi (SAW) ya sallame bayan raka'a biyu a sallar rana. Abubakar da Umar suna wurin, kwarjini ya hana su magana. Zul Yadaini ne ya ce: an rage salla ne ko mantuwa ka yi? A cikin masallaci, a gaban kowa. Annabi ya tambayi sauran, suka ce haka ne, ya ciko raka'a biyu ya yi sujada bayan sallama. Ba wanda ya tare Zul Yadaini a bakin ƙofa ya ce wa ya aiko ka.

Nana A'isha ma Bukhari ya ruwaito cewa ba ta jin abin da ba ta gane ba sai ta sake tambaya har ta gane. Da Annabi ya ce wanda aka yi wa hisabi za a azabta shi, ta ce ba Allah ya ce za a yi masa hisabi mai sauƙi ba? Aya ta kawo masa. Bai ce ta yi rashin kunya ba, ya bayyana mata cewa wancan bijiro da ayyuka ne kawai.

Mu mata ma namu ya fi naku. A islamiyyarmu takarda ake rubutawa a miƙa ta bayan labule, kuma akwai mai tacewa kafin ta isa. Sau uku ina rubuta tambaya kan mijin da ba ya ciyarwa, ba a taɓa karanta ta ba. Tambayar jinin haila kuwa kullum sai an amsa.

Murid Faƙir:
'Yan'uwa kuna haɗa abu biyu. Akwai malamin karatu, akwai shehin tarbiyya. Malamin karatu ka tambaye shi har gobe. Amma wanda ka miƙa wa zuciyarka ya yi mata magani, magabata sun ce ka zama a hannunsa kamar gawa a hannun mai wanka. Sun kuma ce wanda ya ce wa shehinsa "don me?" ba zai rabauta ba. Ku karanta Suratul Kahfi daga aya ta 60. Sharaɗin da Halliru ya gindaya wa Annabi Musa shi ne kada ya tambaye shi komai sai shi ya fara ba shi labari. Ya tambaya a kan jirgi, ya tambaya a kan yaro, ya yi magana a kan bango, aka ce masa nan ne rabuwarmu. Majinyaci ba ya gardama da likita kan allura.

Abu Ammar:
To ga ta nan. Da wannan "gawa a hannun mai wanka" ake cinye dukiyar mutane da mutuncin 'ya'yansu. In ka yi magana a ce kai munkiri ne.

Shugaban Zaure:
Abu Ammar, a sassauta. Ba zauren ɗariƙa da izala muka buɗe ba. Kuma ina tunatar da kowa doka: ba a kama sunan malami mai rai a nan.

Murid Faƙir:
Akhi Abu Ammar, wanda ya ci dukiyar mutane ɓarawo ne ko da rawaninsa ya kai gammo goma. Shehu Ahmadu Tijjani da kansa ya ce in kun ji wata magana daga gare ni ku auna ta da ma'aunin shari'a, abin da ya dace ku ɗauka, abin da ya saɓa ku bari. Wannan kowane ɗan zawiyya ya haddace ta. Kuma kada ku yi kamar abin a gidanmu kaɗai yake. Yaran da suka tare Abu Safwan, ka tabbata 'yan wazifa ne? Ni na ga majalisin da ake cewa ba a bin kowa sai dalili, amma ka ce malam ya yi kuskure ka ga yadda 'yan agaji za su raka ka waje.

Ummu Hanifa:
Malam Murid, na yarda da maganarka ta ƙarshe. Amma ƙissar Halliru tana da ƙarshe da ba a cika karantowa ba. Kafin su rabu sai da ya warware wa Annabi Musa duka ukun, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ban aikata shi da umarnin kaina ba. Wane shehi ne yau zai iya faɗin haka? Kuma in an ce ka auna da shari'a, ai gawa ba ta awo.

Murid Faƙir:
Hajiya, awon ana yinsa kafin a miƙa wuya. Amma na ji, wannan wuri ne da mu ma muke tattaunawa a tsakaninmu.

Basakkwace:
Ku bari in kawo muku na gida, don kullum sai mu tafi Madina da Bagadaza mu bar abin da anka yi a ƙofarmu.

Shehu Usmanu ba ya da malamin da yake girmamawa kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru. Amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta masu manyan zunubai, Shehu bai bi shi ba. Ya rubuta cewa wanga ba shi ne tafarkin Ahlus Sunna ba, ya yi hakan a Nasa'ihul Umma, ya kuma yi littafi sukutum, Shifa'ul Galil, kan abin da ya rikita na maganar malamin nasa. A ciki yana ba shi uzuri, yana cewa kishin addini ne ya kai shi. Ka ga an saɓa, an rubuta, kuma ba a zubar da girma ba.

Sannan abin ya juyo kan Shehu. Abdullahin Gwandu ƙanensa ne kuma almajirinsa ne. Bayan hijira zuwa Gudu a 1804 da yaƙoƙin da sunka biyo, Abdullahi ya ga jama'a sun fara karkata ga ganima da sarauta, ransa ya ɓaci, wajen 1807 ya bar runduna da niyyar tafiya gabas. A Kano anka tsai da shi, can ya rubuta Liya'ul Hukkam, sannan ya komo. Ya kuma saɓa wa Shehu a rubuce kan abubuwa kamar kiɗan tambari da laƙabin sarauta da irin tufafin da shugabanni za su sa, shi yana tsanantawa, Shehu yana sassautawa. Mi Shehu ya yi? A Najmul Ikhwan ya ce wa jama'a su lazimci karanta littattafan ɗan'uwansa Abdullahi don shi mai tsare zahirin shari'a ne, su karanta na ɗansa Muhammadu Bello don sanin siyasa. Wanda ke ja da kai, kai kuma kana tura mutane su karanta shi. Da a yau ne, da yaran malam sun ce Abdullahi ya ci amana, an saye shi.

Ɗan Zaure:
Basakkwace, Allah ya biya. Amma ka lura, Abdullahi ne. Mutumin da ya yi tafsirin Alƙur'ani cikakke. Ba yaron da ke tsakiyar Risala ba. A Kano ma Malam Muhammadu Salga a Madabo ya yi karatu, ya zo ya saɓa wa malaman Madabo kan al'adun da ake yi in an yi mutuwa, aka yi ta rubuce-rubuce tsakaninsu. Amma sai da ya ƙoshi da fiƙihu tukuna. Yanzu kuwa yaro ya kalli bidiyon minti biyu ya zo yana auna dattijo.

Abu Safwan:
Baba, ni ban ce na kai ko ƙurar takalminsu ba. Ai shi ya sa tambaya na yi, ban yi fatawa ba. In sai wanda ya ƙoshi ne zai yi tambaya, mai jin yunwa fa?

Limamin Unguwa:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Bari in yi magana daga ɗaya gefen tabarmar, don shekarata ashirin da wani abu ina karantarwa.

Ku sani abin yana da zafi. Duk malamin da ya ce maka ba ya jin komai in an gyara masa a gaban ɗalibai, bai gaya maka duka ba. Wata rana ina raba gado a allo, na ba matar mamaci rubu'i alhali akwai ɗa. Wani yaro da bai fi shekara sha bakwai ba ya ce Malam ba sumuni ba ne? Zufa ta karyo min. Na san shi ke da gaskiya tun kafin ya rufe baki, amma abin da ya fito daga bakina shi ne "kai ne malamin ko ni?" Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe na tara su na ce yaron nan ya yi daidai, ni na yi kuskure. Ba abin da ya ragu a jikina. Abin da na lura shi ne, daga ranar ɗalibai suka fi sakin jiki da ni.

Amma ku ma ku yi mana adalci. Ba kowace tambaya ce tambaya ba. Akwai ta neman sani, akwai ta ƙure. Yanzu mutum zai zauna a sahun gaba waya na ɗauka a aljihu, ya jefo maka tambayar da aka kitsa masa a wani majalisin, kafin ka isa gida an yanka daƙiƙa talatin an sa a TikTok an rubuta "an titsiye malam wane". Shi ya sa wasunmu da sun ji "na karanta a wani wuri" sai gabansu ya faɗi. Imamu Malik da ake yawan kawo misali da shi, an ruwaito an yi masa tambaya 48 ya ce "ban sani ba" a 32. Shi ne kuma ya ce kowa ana karɓar maganarsa ana mayarwa sai mai wannan kabari. Amma shi ɗin dai ne, da wani ya tambaye shi yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi, ya amsa masa a taƙaice, ya ce tambayar bidi'a ce, ya sa aka fitar da shi. Ya duba mai tambayar ne ya ga abin da ya kawo shi.

Abu Safwan, a yadda ka ba da labari, taka ba ta ƙure ba ce. Kuma ka lura malaminka bai zage ka ba. "To, mun ji" a bakin malami sau da yawa tana nufin "bari in je in duba". Waɗanda suka tare ka su ne matsalar, kuma ina faɗa da kunya, mu muke kiwonsu. Muna jin daɗin mai ɗaukar mana jaka da mai cewa "sadaƙta" kafin mu ƙarasa jimla. Ranar da suka ciji wani sai mu ce ba mu muka aike su ba.

Na Kwari:
Allah ya ƙara wa Liman lafiya, ka faɗi gaskiya. Amma duk kuna ta zagaye ne a kan hadisi da fiƙihu. Wannan mai sauƙi ce. Malam zai iya cewa na yi kuskure a isnadi, girmansa ma ƙaruwa zai yi. Ku gwada tambayar kuɗi ku gani.

Mu a wajenmu an yi shekara huɗu ana tara kuɗin ginin islamiyya. Duk Juma'a ana zagayawa da kwali, 'yan kasuwa muna ba da namu daban. Gini bai wuce linta ba. A taron kwamiti na ce a karanto mana abin da ya shiga da abin da ya fita. Ban ce an ci ba, na ce a karanto. Juma'ar da ta biyo huɗuba guda aka yi kan munafukai masu hana alheri, ana yi ana kallon sahun da nake. Har gida aka je aka ce wa mahaifiyata in nemi gafara kada malam ya yi min baki. Tsohuwa ta kwana tana kuka, dole na je na durƙusa. Har yau ba a karanto ba.

Haka lokacin zaɓe. A ce ku zaɓi wane, in ka ce Malam me ya sa, sai a ce malamai sun hango abin da ba ka hango ba.

Abu Ammar:
Wannan ita ce maganar. Kuma "naman malamai guba ne" maganar Ibnu Asakir ce, ba aya ba ce ba hadisi ba, kuma a kan masu cin mutuncin malamai ya yi ta. Neman lissafin kuɗin jama'a ba cin nama ba ne.

Ɗan Zaure:
A nan kam ba ni da ja. Malamanmu na zaure ba sa riƙe kuɗin kowa, noma suke yi ko ɗinki, abin sadaka in ya zo a ci da almajirai. Tun da aka fara gidauniya da kwamiti da motar malam, sai a yi haƙuri a riƙa kawo takarda. Na Kwari, ka yi haƙuri da abin da aka yi wa Hajiya.

Limamin Unguwa:
Na Kwari, ni dai a masallacinmu na cire hannuna daga kuɗi gaba ɗaya, ma'aji daban, kuma duk wata ana liƙa lissafi a bango. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, don na san kaina ne.

Maman Ihsan:
Ni tambaya ɗaya gare ni. A tafsirin azumi in malam ya karanto aya ba daidai ba, alaramma mai jan baƙi nan take yake gyara masa a lasifika, duniya na ji, malam ya ce na'am ya maimaita. A tarawihi ma yaro ɗan shekara goma yana gyara wa liman. Me ya sa wannan ba rashin ladabi ba ne, amma na Abu Safwan ya zama?

Murid Faƙir:
Saboda an saba da wancan, Hajiya. An ba alaramma wurin zama don haka.

Abu Safwan:
'Yan'uwa na dawo da labari. Na bi shawarar Baba Ɗan Zaure, ranar Alhamis bayan asuba na je gidan Malam. Na yi zaton zan sha faɗa. Malam ya sa aka kawo min koko, ya shiga ciki ya fito da Jami'us Sagir na Suyuɗi, ya buɗe ya nuna min maganar a ciki. Ya ce ka ga ba daga aljihuna na ciro ta ba. Sannan ya nuna min inda Suyuɗi da kansa yake cewa wataƙila an fitar da ita a wasu littattafan da ba su iso gare mu ba. Ya ce tun daren Asabar yake bincike, ya ga Subki ma ya ce bai same ta da wani isnadi ba. Ya ce "kalmar ingantacce da na faɗa, wannan tawa ce, kuma kuskure ce."

Na gaya masa an cire ni daga rukuni. Wallahi bai ma san da rukunin ba, wayar tana hannun ɗansa. Ya ce zai yi magana.

Jiya Asabar kafin a fara darasi ya ce maganar da muka kawo makon jiya ku riƙe ta a matsayin maganar malamai, kada wanda ya sake cewa Annabi ne ya faɗa. Bai ambaci sunana ba, ni ma ban so ya ambata ba.

Ummu Hanifa:
Masha Allah. Allah ya ƙara masa daraja. Yaran fa?

Abu Safwan:
Har yanzu ba a mayar da ni ba. Da muka fito ɗaya daga cikinsu ya ce min "ka ga tawali'un Malam, kai kuma sai ka ji kunya". Abokin tuwona dai ya amsa sallama, a ciki-ciki.

Na Kwari:
Tunda kana da sa'a, ara min bakinka ka zo ka tambayar mana kuɗin linta.

Abu Safwan:
Rufa min asiri Alhaji. Ni yanzu wata ce ta dame ni a babin azumi, kan matafiyin da ya iso gida da rana ba ya azumi. An kawo sabuwar doka cewa daga yanzu tambaya sai a rubuce. Na rubuta tawa tun jiya tana aljihu. Mai karɓar takardun shi ne wanda ya ce wa ya aiko ni.